Yadda Ake Tafiyar da Yini a Tsakiyar Teku Cikin Jirgin Ruwan Fasinja

Jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, yakan ɗauki dare 7 daga Southampton ta Ingila zuwa New York ta Amurka ta tekun Atlantika, kuma a mafi yawan tafiye-tafiyen ba ya tsayawa ko'ina. Tsawonsa mita 345 ne, yana ɗaukar fasinja kusan 2,700, tazarar kuwa ta haura kilomita 5,000. Ke nan yini 6 cur babu tudu, babu kasuwa, babu asibitin da ya wuce wanda ke cikin jirgin. Wanda ya shiga da shiri yakan huta hutun da bai taɓa yin irinsa ba. Wanda ya shiga da ka kuwa, tun rana ta biyu barcinsa da cikinsa da lokutan sallarsa suke rikicewa. Abin da ke ƙasa ya shafi wannan hanyar ne, amma kusan duka zai yi amfani a kowace doguwar tafiyar teku.

Fara da agogo

Tsakanin Ingila da New York akwai bambancin awa 5, kuma jirgin yana rarraba shi ne a kan kwanaki. In an nufi yamma, ana mayar da agogo baya da awa guda a darare 5, sai yini ya zama awa 25. In an nufi gabas, ana tura shi gaba, yawanci da tsakar rana, sai 12 ta koma 1, yini ya rage saura awa 23. Shi ya sa masu gudun gajiya suka fi son hanyar yamma.

Wayarka ba ta san da wannan tsarin ba. Kashe mata saita lokaci da kanta, ka riƙa gyara shi da hannu bisa abin da takardar shirin yini ta faɗa. Ana ajiye wannan takardar a ɗakinka kowane dare, kuma lokacin jirgi shi ne kaɗai abin bi, ko da ya saɓa wa na waya. Ka kuma sa wayar a yanayin jirgin sama tun kafin a bar gaɓa. Manyan jirage suna da layin waya na tauraron ɗan Adam, wanda waya kan kama ba tare da ka sani ba, kuɗinsa kuma tsada ne na fitar hankali. In kana bukatar intanet, sayi na jirgin. Mai shan magani a kan ƙayyadadden lokaci, musamman mai allurar ciwon suga, ya zauna da likitansa tun a gida su tsara yadda zai riƙa matsar da lokacin.

Jiri da tashin zuciya

Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da kunnen ciki. Kunne yana jin motsi, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki yana cewa komai a tsaye yake. Saboda haka kwanciya a ɗaki ana latsa waya ko karatu ƙara shi yake yi. Fita inda iska take, ka tsayar da idonka can inda ruwa ya haɗu da sama. In ba a iya fita, kwanta rigingine ka rufe ido.

Wurin da ɗakinka yake yana da tasiri sosai, kuma tun wajen sayen tikiti ake yanke wannan. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa shi ya fi zama lafiya, na goshin jirgi a hawa na sama shi ya fi wahala. Jirgin yana da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin dama da hagu, amma ba sa hana goshi ɗagawa da sauka idan igiyar ruwa ta taho ta gaba.

Magani kafin jirin ya fara ake shan sa, domin da zarar amai ya soma ƙwayar ba ta zama a ciki. Ƙwayar cinnarizine ga babba miligiram 30 ce awa 2 kafin tafiya, sannan 15 duk bayan awa 8 in da bukata, kuma tana sa barci. Akwai filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne awa 5 zuwa 6 kafin tafiya, tana aiki awa 72. Tana busar da baki, tana iya dishe gani, kuma mai ciwon hawan jinin ido bai kamata ya taɓa ta ba sai da izinin likita. Wanke hannu bayan manna ta, don in ta shiga ido za ka yini kana gani garara-garara. Citta tana taimaka wa wasu. Kada ka zauna da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo: busasshen biskit, burodi, tuffa da ruwa kaɗan-kaɗan sun wadatar. Yawancin mutane jikinsu yakan saba cikin kwana 2 zuwa 3.

Da ƙarfe 12 na rana ana busa ƙahon jirgi, kyaftin ya yi jawabi ta lasifika: inda ake, gudun da ake yi, nisan da ya rage, da yanayin da ake tsammani. Saurari wannan jawabin kullum. Ana auna iska da ma'aunin Beaufort daga 0 zuwa 12. In ka ji an ambaci 7 ko 8 na tafe, sha maganinka tun lokacin, ka sauke kwalabe da tabarau daga kan tebur, ka kuma sa ran za a rufe ƙofofin fita waje.

Sallah a jirgin da ba ya tsayawa

Nan ne musulmi ya fi bukatar lissafi. Lokutan sallah na wurin da jirgin yake ne a wannan sa'ar, ba na garin da aka baro ba. GPS na waya yana aiki ko babu layi, musamman kusa da taga ko a fili, don haka sauke manhajar da ke lissafa lokuta ba tare da intanet ba, ka sabunta mata wurin kowace safiya, ka tabbatar tana bin agogon jirgi. Sannan ka gwada abin da ta faɗa da idonka, tunda babu inda fitowar alfijir da faɗuwar rana suke bayyana sarai kamar teku. A watan Yuni, kusa da Ingila, rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, alfijir kuma yana ketowa da wuri ƙwarai. Mai azumi ya san da wannan kafin ya zaɓi watan tafiya.

Alƙibla tana juyawa a hankali cikin makon. A Southampton tana wajen digiri 118 daga arewa, a tsakiyar teku wajen 80, a New York wajen 58. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a nan, domin ƙarfen jirgin yana rikita shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce ta talabijin ɗin ɗakinka, inda akwai tasha mai nuna taswira da digirin da jirgin ya fuskanta. Cire digirin jirgi daga na alƙibla, in ya fita ƙasa da sifiri ka ƙara 360, abin da ya rage shi ne yawan juyawar da za ka yi ta hannun dama daga goshin jirgi. Misali jirgi na kan 260, alƙibla na kan 80: amsar 180 ce, wato ka fuskanci bayan jirgi sak. A hanyar yamma dai kusan kullum bayan jirgi ake kallo, a farkon tafiya a karkata dama sosai, a ƙarshenta a ɗan karkata hagu. Wanda tangaɗi ya hana shi tsayuwa ya yi a zaune. Batun ƙasaru da haɗa salloli, ka warware shi da malaminka tun kafin ka taso. Tafi da sallaya da ƙaramar buta, don banɗakin jirgi ba a tanadar masa abin tsarki ba.

Masai a jirgi da iska yake zuƙe ƙazanta ta siririn bututu. Ban da takardar da suka ajiye, kada ka jefa komai a ciki. Tsumman goge jariri guda ɗaya ya isa ya toshe layin ɗakuna da dama.

Ci da sha

Abinci ba ya yankewa, kuma matsalar ke nan. Karin safe, na rana, shayin 3:30 na yamma da kek, na dare, ga ɗakin ɗebi-da-kanka a buɗe kusan kowane lokaci. Tsayar wa kanka lokuta uku, ka riƙa hawa matakala maimakon lif. A hawa na 7 akwai farfajiyar katako da ta zagaye jirgin, zagaye 3 ya kai kusan kilomita 1.8. Da sassafe ta fi daɗi, amma sa rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, domin Arewacin Atlantika ko a tsakiyar shekara iskarsa da sanyi take, katakon kuma yakan jiƙe.

Naman halal ba a samun sa kai tsaye. Ana neman sa a rubuce makonni kafin tafiya, domin abin da ba a loda a tasha ba babu inda za a samo shi. A daren farko ka nemi shugaban masu hidimar tebur ka faɗa masa abin da ba ka ci. Za su riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa, a dafa naka daban. Tambaya ta zama dole ko a kan kifi da kayan zaƙi, saboda girkin Turawa yakan sa giya a miya da romo, da sinadarin daskarar da zaƙi da ake samu daga alade. Ruwan famfo kuwa daga teku ake tace shi a cikin jirgin, kuma ana sha.

Cutar da ta fi yawo a jirage ita ce amai da gudawa na ƙwayar norovirus. Man goge hannu mai barasa bai cika kashe ta ba, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, kafin cin abinci da bayan banɗaki. In ta kama ka, kira asibitin jirgi ta wayar ɗaki, kada ka taka zuwa can. Za a ce ka zauna a ɗaki har kwana 1 ko 2 bayan ta lafa. Ɓoye ta cutar da jama'a ne, akwai tsofaffi da yawa a irin wannan tafiyar. Ganin likitan jirgi da kuɗi ne, kuma a tsakiyar teku akwai kwanakin da helikwafta ba zai iya isowa ba. Saboda haka inshorar lafiya wajibi ce, magungunanka kuma ka riƙe su a jakar hannu da rarar mako guda. Nisa da asibitin tudu ne kuma ya sa ba a ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai shekara ba, a wannan hanyar.

Sauran yinin

Takardar shiri takan cika da laccoci, darasin rawa, wasan kwaikwayo da kallon taurari. Kada ka ce sai ka halarci duka. Abu biyu a yini, ɗaya da hantsi ɗaya da yamma, ya isa, sauran lokacin ka bar wa ɗakin karatu da hira da barcin rana wanda bai wuce minti 30 ba. Abin da ake rububinsa, ka karɓi tikitinsa da safe. Ɗakunan wanki na kyauta sukan cika da rana, don haka je da sassafe ko lokacin cin abincin dare. Ana yin daren kwalliya kamar sau biyu, kuma an yarda da cikakkiyar shigar gargajiya, babbar riga da hula ko leshi da gwaggwaro sun zauna daidai. Ba a ciniki da tsabar kuɗi, komai da katin ɗaki ne kuma da dala ake lissafi, har da ladan ma'aikata da ake ɗorawa kullum. Duba asusunka duk bayan kwana biyu, kada ka bari sai daren ƙarshe da layi ke tsawo.

Wuta ita ce babban abin tsoro a teku. Turaren wuta, kasko, kyandir, dutsen guga da abin dafa ruwa duk an hana, ana kuma ƙwace su a ƙofar shiga. Turaren fesawa ko humra za ka ɗauka. Kada ka buɗe ƙofar baranda da ta ɗaki a lokaci guda, iska takan buga ƙofar da ƙarfin da ke karya yatsa. Kada ka jefa komai a ruwa. Ƙararrawar gaggawa busa 7 ce gajeru da 1 doguwa. Ma'aikata sukan yi atisaye a kwanakin teku, kuma ana sanarwa kafin a fara. In ka ji busar babu sanarwa, ɗauki rigar ceto da maganinka da rigar sanyi, ka bi matakala zuwa wurin taruwar da aka nuna maka ranar farko, wanda kuma yake rubuce a bayan ƙofar ɗakinka.