Yadda ake sauka a Cuajimoloyas, ƙauyen ƙabilar Zapotek a tsaunukan Meziko

Daga birnin Oaxaca ka nufi Tlacolula, sai mota ta fara hawa dutse. Kusan awa biyu ne kafin ka iso. Ƙauyen yana sama da mita 3,000, don haka ranar farko kada ka nuna jarumta. Numfashi yakan yi gajere, kai ya yi nauyi. Ka sha ruwa, ka yi tafiya a hankali, ka zo da rigar sanyi mai kauri ko da ka baro zafi a birni.

Da isarka, ofishin masu kula da baƙi za ka fara zuwa, ka biya kuɗin shiga da peso, kuɗin ƙasar, a hannu. Ni dai ban yarda a yi ciniki a nan ba, ga dalili. Dajin nan ba na gwamnati ba ne, ba na wani attajiri ba. Na al'umma ne, ƙauyuka takwas da ake kira Pueblos Mancomunados. Taron gari ne ke naɗa wa mutum aiki, a bisa al'ada daga topil, wato ɗan aiken hukuma, har zuwa shugabanci. Wanda ya miƙa maka makullin ɗaki wataƙila wa'adinsa yake cikawa, ya bar gonarsa ta dankali tana jira. Hanyar da kake takawa ma da tequio ake gyara ta, aikin gayya da ke kan kowane gida.

Ka ɗauki ɗan rakiya. Hazo kan rufe dajin cikin ɗan lokaci, kuma da damina, lokacin laimar kwaɗi, shi ya san wadda ake ci da wadda ke kisa. Kada ka tsinki komai da kanka.

Gaisuwa wajibi ce, duk wanda kuka haɗu a hanya. Hoto kuwa sai da izini, musamman na tsofaffi da cikin coci.

Batun ci: akwai kifin trucha, da cakulan mai zafi da ake kaɗawa da ruwa. In ba ka cin alade, ka sani ana shafa wa tlayuda, wata faffaɗar gurasar masara, kitsensa, sai ka ce "sin asiento", wato ban da kitsen. Wake ma ka tambaya da wane mai aka soya shi.

In kana da sauran kwana, ka nemi mota zuwa Guelatao, inda aka haifi Benito Juárez a 1806, ɗan Zapotek da ya yi kiwon tumaki kafin ya shugabanci Meziko.