Kurakuran masu karen farauta game da ciwon haukar kare

Da an gama girbi ciyawa ta bushe, mafarauta kan bazama daji da karnukansu. Da yamma kare ya dawo baki jina-jina, ga yaga a kunne, mai shi na ta yabo: "Shi kaɗai ya kayar da dilan nan." Sai yaran gida su taru suna shafa shi, wani ma ya wanke masa baki da hannu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tayar mini da hankali. Ƙwayar cutar haukar kare a yawu take da ƙwaƙwalwa, kuma yawun dabbar da aka kashe na iya kasancewa a baki da gashin karen. Ɗan ƙwarzane a yatsa ya ishe ta ƙofa. A kori yara, babba ya sa safar hannu ko leda, ya wanke karen da sabulu, sannan a ɗaure shi.

Ba kowane nama ba ne abin tsoro. Tsuntsu da damo ba sa ɗaukar cutar, zomo da gafiya da kurege kuwa da wuya. Waɗanda ake gudu su ne dila, yanyawa, tunku, kura, jemage, da karnukan da ba su da mai su. Dabbar dare da ta fito da rana tsaka tana tangaɗi, ba ta tsoron mutum, ba sa'a ba ce aka yi. Ita ce ta fi zama abin zargi.

Sai maganar "ai an taɓa yi masa allura". Yaushe? Wace iri? Da yawa allurar kaska ko ta tsutsar ciki aka yi wa karen, mai shi ya ɗauka rigakafin hauka ce. Wasu kuma an yi ta gaskiyar, amma shekara uku ko huɗu ke nan. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana da wata 3, sai ta kai kusan kwana 28 kafin ta kama jiki, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara sai in likita ya faɗi wani wa'adin. Allurar sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta wuni a aljihun mai yawo a kasuwa cikin zafin bazara, kada ka dogara da ita. A je asibitin dabbobi, a karɓi kati, a adana shi.

In wa'adin ya wuce kuma karen ya yi faɗa da naman daji, mutane kan rabu biyu: masu cewa an makara, da masu cewa a zuba ido a gani. Dukansu sun yi kuskure. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar a ƙara masa allura, domin jikin da ya taɓa karɓar rigakafi yakan farfaɗo da sauri. A ƙa'idar da likitocin Amurka suka sabunta a 2016, karen da ke da shaidar tsohuwar allura ana ƙara masa wata nan take a sa masa ido kwana 45, wanda bai taɓa samu ba kuwa ko a kashe shi ko a killace shi wata 4. Ka ga amfanin katin nan. Kwana 10 da aka saba ji kuwa na karen da ya ciji mutum ne, don a ga ko yana da cutar lokacin cizon. Ba su isa wanke karen da shi aka ciza daga zargi ba, don cutar kan kwanta makonni ko watanni.

Kada kuma a jira sai ya fara haushi da cizon iska. Akwai haukar shiru: kare ya laɓe, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala. Sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale, ya tura hannu maƙogwaro. Don Allah kada a yi haka.

Gawar dabbar da ake zargi, ba a feɗe ta, ba a jefa wa karnuka, ba a fasa kanta, don da ƙwaƙwalwar ake gwaji a wurare irin su Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

In kuwa haƙori ya taɓa mutum, ƙona gashin karen a shafa toka ba ya kashe ƙwayar cutar. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, a karɓi allurai har a cika su, kada a tsaya a ta farko don ciwon ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamu sun bayyana, kusan ba mai tashi. Yaro kan ɓoye cizo don tsoron duka, saboda haka a tambaye shi cikin lallashi, a duba hannuwansa da ƙafafunsa.