Yadda nake gane bugun tsohon littafin Dungeons & Dragons

Wasan nan da ake zagaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran suna jefa ɗan ludo mai fuska 20 don sanin makomar jarumansu, ya kai shekara 50, kuma an sha sauya dokokinsa alhali sunan kusan bai motsa ba. Na taɓa sayen littafinsa na hannu ta intanet, da ya iso sai na tarar lissafinsa daban, na abokan wasana daban. Tun ranar ba na biyan kuɗi sai an turo min hoton shafukan ciki.

Fara duba sunan kamfani. In ka ga TSR, dokokin kafin 2000 ne. Shi ya fitar da wasan a 1974 daga garin Lake Geneva na Amurka, ƙananan littattafai uku cikin kwali, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. Wizards of the Coast ya saye kamfanin a 1997.

A zamanin TSR wasan ya rabu gida biyu, kuma nan aka fi ruɗewa. Akwai mai sauƙi da ke zuwa a kwali, na 1977, na 1981, da jan kwalin 1983. Akwai kuma mai ɗauke da kalmar Advanced, wanda littattafansa masu taurin bango suka fito daga 1977 zuwa 1979, bugu na biyu a 1989. Ka zuba wa sunan littafin 'yan wasa ido: na 1978 Players Handbook ne, babu ɗan waƙafin sama, na 1989 kuwa Player's.

Gwajin da na fi yarda da shi dai shi ne lambar sulke, wato Armor Class, lambar da ke nuna kariyar jarumi. A tsofaffin dokoki, ƙanƙantar lamba ita ce ƙarfin kariya: mai sulken faifan ƙarfe (plate mail) da garkuwa yana kan 2. Bugu na uku, na 2000, ya juya lissafin, babbar lamba ta zama mai kyau. Wannan gyara ya taimaki sababbin 'yan wasa ƙwarai.

Daga nan shekara ce jagora: 2003 an rubuta 3.5 a bango, 2008 bugu na huɗu, 2014 na biyar, 2024 gyararren na biyar.

Hattara da abu ɗaya: a 2012 Wizards ya sake buga littattafan Advanced na farko. Takarda sabuwa fil, amma sulken ciki na tsohon lissafi ne.