Yadda na gyara fakitin Debian da ya ƙi haɗuwa a sbuild

Fakitin nan na wata ƴar manhaja ta Python yana haɗuwa lafiya lau da dpkg-buildpackage (umarnin haɗa fakitin Debian) a kwamfutata, amma da na saka shi a sbuild, manhajar da ke haɗa fakiti a keɓantaccen wuri mai tsabta, sai ya cije a matakin gwaji. Da na bi log ɗin layi layi sai na ga ashe gwaje-gwajen ne ke neman sauko da wani fayil daga intanet, kuma dokar Debian ta hana fakitin main (babban sashen ma'ajiyar Debian) taɓa intanet lokacin haɗawa, gaskiya dokar nan ta yi daidai don duk wanda ya ɗauki tushen manhajar ya kamata ya iya haɗa ta ko babu netwok.

Wasu kashe gwajin gaba ɗaya suke yi a debian/rules (fayil ɗin da ke tsara yadda ake haɗa fakitin), ni dai ban so haka ba, gwajin ai shi ke kama matsala. Sai na yi faci (gyara a tushen manhajar) da quilt, manhajar sarrafa faci, cikin debian/patches, na tsallake waɗanda ke buƙatar intanet kawai, na ƙara python3-pytest (manhajar gudanar da gwaji) a Build-Depends (jerin abubuwan da haɗawa ke buƙata) na debian/control tunda ba ya ciki. Na sake haɗawa ya wuce, lintian, mai binciken kurakuran fakiti, ma bai yi ƙorafi ba. Facin kuma na tura wa masu manhajar.