Yadda za ku shirya tafiyar ƙarshen mako da abokan karatu a Turai

Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi kwana biyu ne kacal, kuma hanya za ta ci rabonta. Don haka birni ɗaya ya isa, wanda zuwansa bai wuce awa huɗu ko biyar ba tun daga ƙofar ɗaki. Masu son haɗa Biyana da Budafes da Firag a tafiya guda, tashoshin jirgi kawai suke gani.

Kafin kowa ya sayi tikiti, a baje takardu. A rukuni ɗaya sai a tarar da fasfo iri uku, kowanne da dokarsa. Mai katin izinin zama na wata ƙasar Shengen (yankin ƙasashen Turai da galibi ba a binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu), ko bizar dogon zama nau'in D, yana iya shiga sauran ƙasashen yankin har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Birtaniya da Ayilan ba sa cikin yankin, saboda haka Landan da Dablin maganarsu daban ce. A ɗauki fasfo da katin zama tare, domin katin shi kaɗai ba takardar ƙetare iyaka ba ne. Wanda nasa ya ƙare yana jiran sabo, ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, don ba kowace takardar wucin gadi ce ke ba mutum damar fita ya dawo ba.

Tikitin jirgin sama mai arha yana da ruɗi. Filin Beauvais da ake liƙa wa sunan Paris ya kai wajen kilomita 85 daga birnin, na Hahn kuma ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. Ku haɗa kuɗin bas na zuwa da dawowa, da awannin jira, sannan ku gwada da jirgin ƙasa ko bas ɗin kamfanin FlixBus, waɗanda galibi cikin gari suke sauke mutum. A jiragen kamfanonin Ryanair da Wizz Air masu arha, ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta, kuma wanda bai yi rajistar shiga jirgi ta intanet ba zai biya a fili. Bas ɗin dare yana rage kuɗin kwana ɗaya, amma da gyangyaɗi za a yi yinin Asabar. Na dawowa kuwa, kada ya zama na ƙarshe a daren Lahadi, musamman in akwai darasin safe ranar Litinin.

Mutum uku zuwa biyar sun fi daɗin tafiya. Da an wuce haka, samun teburin cin abinci ma aiki ne. Huɗu za su iya kama ɗaki guda mai gadaje huɗu a masaukin matafiya, su kulle abinsu. A zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta, a kuma tambaya ko suna ajiye jaka, tunda sai biyu ko ukun rana ake ba da ɗaki. Rum da Barsalona da Amsterdam suna karɓar harajin baƙi, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani a shafi.

Kuɗi ne ke ɓata zumunci, ba gajiya ba. Aljihu ba ɗaya ba ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai faɗa a gaban jama'a ba, sai dai ya ce ya ƙoshi. Tun a gida a yanke iyakar abin da kowa zai kashe a rana, a bi na mai ƙaramin aljihun. Wanda ya biya masauki da katinsa a mayar masa a ranar, ba bayan an dawo ba. Mai janyewa daga baya ya san kasonsa na kansa. Sauran kashe-kashe a riƙa shigar da su manhajar raba lissafi ta Splitwise nan take. Ba ko'ina ake cin Yuro ba: Firag koruna ce, Budafes forint, Folan zloty. In na'urar cire kuɗi ta tambaya da wane kuɗi za a caje ku, ku zaɓi na ƙasar da kuke ciki, domin canjin na'urar ya fi na banki tsada. Layin waya na Tarayyar Turai yana aiki a ƙasashenta ba ƙarin kuɗi tun 2017, amma Suwizalan ba ta ciki, a bincika kafin a kunna data.

Manyan wurare biyu a rana sun wadatar. Gidan tarihi na Anne Frank a Amsterdam ta intanet kawai yake sayar da tikiti, kuma yakan ƙare tun da wuri. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi, in ban da ta ƙarshen wata. A Jamus da Ostiriya yawancin kantuna ba sa buɗewa Lahadi, sayayya sai Asabar. A Berlin da Firag da Budafes, tikitin takarda na bas da jirgin cikin gari sai an buga shi a na'ura kafin ya zama tikiti. Jami'an bincike ba sa jin uzurin baƙunta, tara za su yanka.

Ba dole ne a yini a manne ba. Bayan abincin rana kowa ya nufi abin da ya kawo shi, a sa wuri da lokacin haɗuwa takamaimai ko da wayar wani ta mutu. Kowa ya riƙe adireshin masauki a takarda, da hoton fasfonsa a imel. Lambar gaggawa a duk faɗin Tarayyar Turai 112 ce.