Kurakuran da ƙananan ƴan kasuwa ke maimaitawa wajen tsara talla

Tsarin talla na ƙaramar sana'a bai wuce shafi ɗaya na kaye ba. Abin da ake rubutawa a ciki shi ne wa zai sayi kayan, me za a faɗa masa, ta wace hanya maganar za ta kai kunnensa, nawa za a kashe, da yadda za a gane ko tallan ya jawo ciniki. Amma a nan Yamai, tun daga masu butik a Bukoki har matan da ke haɗa zoɓo da lemun citta a gida, yawanci sai kuɗin sun tafi ake tuna waɗannan tambayoyi. Kurakuran kuma ba sa canzawa, duk sabon shiga sai ya taka inda na gabansa ya zame, abin har ya ishe ni gani.

Ka tambayi sabon ɗan kasuwa su wa yake sayar wa, sai ya ce maka "ai kowa da kowa." Wannan amsar ce ke cinye jari. A ɗauki Hajiya mai zoɓo a gorar roba. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda so yake ya samu mai sanyi, mai araha, a hannu yanzu-yanzu. Ma'aikacin ofis so yake a kai masa gora 10 kafin sallar azahar, kuma tsabtar murfi ta fi farashi damunsa. Uwar amarya kuwa gora 200 take nema ranar Asabar, tambayarta guda: za ki cika alkawari? Maganar da za ta ja ɗalibi ba za ta motsa uwar amarya ba. In kika yi talla ɗaya don su duka, babu wanda zai ji da shi ake. Zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, ki rubuta unguwarsa, lokacin da yake saye, ranar da kuɗi ke shiga hannunsa, da yaren da ya fi ji. Maganar yare ba ƙarama ba ce a garin da ake ciniki da Hausa da Zabarmanci. Mutane da yawa ba sa karanta dogon rubutun Faransanci, amma saƙon murya na daƙiƙa 30 za su saurara har ƙarshe, su ma tura wa wani. In ba ki san masu sayenki ba tukuna, ki ajiye kaye kusa da kula na mako ɗaya, duk wanda ya saya ki rubuta ko wane ne da abin da ya ɗauka.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne biyan kuɗin talla ba tare da sanin ribar kaya ɗaya ba. Malam, ta yaya za ka miƙa jika 20, wato sefa dubu 20, ga gidan rediyo ko ga yaron da ke da mabiya a TikTok, alhali ko ribar da kake samu a kan abu guda ba ka taɓa lissafawa ba? Mu koma kan zoɓon nan. A ce gora dala 50 ake sayarwa, wato sefa 250. Zoɓo, sukari, citta, gora, ƙanƙara, gawayi da kuɗin kabu-kabu sun ci dala 30. Riba dala 20 ke nan. Tallan jika 20 sai an sayar da gora 200, ƙari a kan waɗanda aka saba sayarwa, kafin kuɗinsa kawai ya dawo. Firijinki na ɗaukar su? Hannunki zai iya? In amsar a'a ce, tallan nan asara ne tun kafin a watsa shi. Ni dai ƙa'idar da nake bi, kuma nake ɗora kowa a kai, ita ce kuɗin talla daga ribar watan jiya yake fitowa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Ribar jika 60, talla jika 6. Uwar kuɗi ba a taɓa ta, balle a ci bashi ko a ɗauki adashi don talla. Wasu za su ce na cika taka-tsantsan. Su je su tambayi wanda kuɗin sarinsa ya tafi wajen buga takardun talla, takardun kuma suka ƙare a hannun mai ƙosai.

Ƙanin wannan kuskure shi ne karya farashi don jawo mutane. Ana ganin dala 10 ba komai ba ne. To, gorar dala 50 in ta koma dala 40, riba ta faɗo daga dala 20 zuwa dala 10, sai kin sayar da ninki biyu kafin ki koma inda kike, ga wahala ninki biyu. Ranar da kika maida farashi kuma, su ne za su ce kin yi tsada. Me ya sa za mu bar gyara, abin da iyayenmu suka sani tun da? Wanda ya ɗauki gora 10 ki ƙara masa ɗaya. Dala 30 ne ya fita daga hannunki, maimakon dala 100 da ragin zai ci a kan gora goman nan, farashinki na nan daram, mai saye kuma ya tafi yana sa albarka.

Sai rashin bin sawu. An buga allo, an sa hoto a WhatsApp, an biya rediyo, duk a mako ɗaya. Ciniki ya ɗan motsa, ba a san wanne ya jawo ba, wata mai zuwa a sake biyan ukun. Gwada hanya ɗaya na mako biyu. Duk sabuwar fuska ka tambaye ta, "A ina kika ji labarinmu?" ka ja layi a kaye. Ƙarshen wata ka ƙirga layukan, hanyar da ba ta kawo kowa ba ka daina ba ta kuɗi ko da ɗan uwanka ne ke yin ta.

Akwai ƙananan abubuwa da bai kamata a ce har yau ana faɗa ba. Hoton kaya babu farashi, wai sai an kira: yawancin mutane wucewa suke yi. Jefa mutane cikin guruf ɗin WhatsApp ba da izininsu ba, fita za su yi da haushinka. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp lamba 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba, don haka ka roƙi kowane mai saye ya ajiye ta a gabanka. Abin da ka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, sai an riƙa sabuntawa. Kwatancen wuri ya zo da alamar da mai kabu-kabu ya sani, masallaci, famfo ko gidan mai. Ka kuma faɗi yadda za a biya, hannu da hannu ne, ko ta Nita, Amana ko Airtel Money. Lambar da ke kan allo ta kasance a kunne.

Tsofaffin masu saye ma ana sakaci da su ana bin baƙi, alhali da sabon gini gara yaɓe. Rubuta lambobin mutum 20 da suka fi saye, ka gaishe su da sunansu in sabon kaya ya zo, su fara gani kafin kowa.

Lokaci kuma a rubuta shi cikin shafin tun farkon shekara. Albashi ƙarshen wata yake fita, tallan kayan da ke da ɗan tsada a kwanakin nan ya kamata ya faɗo. Yara na komawa makaranta a Oktoba, mai kaye da jaka da tela su fara magana tun tsakiyar Satumba. Azumi da sallar layya suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kada ka dogara da kwanan watan bara. Mai kayan sanyi kuma, daga Maris zuwa Mayu ba ta rasa masu saye, abin da take rasawa sanyin ne in wuta ta ɗauke. Kafin ta ce wa mutane su zo, ta fara shirya da mai ƙanƙara biyu a unguwanni daban-daban, ta san gora nawa kularta ke riƙewa da sanyi har magariba, adadin nan kaɗai za ta karɓi odarsa.