Darasi na 7: Siffar Itace da Dabararsa ta Jure Rani

Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama yakan ɗauke a Jos, kowane itace kuma da dabarar da ke kai shi damina. Siffarsa ce ke nuna dabarar, ita ce kuma ke faɗa maka yadda za ka dasa shi.

Kuka tana ajiye ruwa a kututturenta, ta zubar da ganye da rani. Don haka yawan ban ruwa ya fi fari saurin kashe dashenta, saiwar ruɓewa take yi. Haka ƙyarana, wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Filato. A sari reshenta, a bar bakin saran ya bushe kwana 3 zuwa 5 kafin a kafa. A kiyayi ruwanta fari, yana yi wa ido mummunar illa.

Gawo da bagaruwa da aduwa kuwa ƙasa suke nutsawa. Suna tura doguwar saiwa neman danshi tun kansu bai kai gwiwa ba, a nan ne masu reno suka fi yin asara. In dashe ya daɗe a leda, saiwar takan naɗe a gindi, itacen ya tsumbure ko shekara nawa ya yi. A riƙa ɗaga ledar duk mako 2 ana datse saiwar da ta leƙo, a dasa kafin ya wuce wata 4, a rami mai zurfin santimita 50, bayan ruwa ya zauna. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa tauri gare su: a zuba musu ruwan zafi, su kwana a ciki, sannan a shuka. Gawo dai ya fi kowa dacewa da gona, don da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta danne hatsi. A ba shi tazarar mita 10.

Kalgo da sabara sukan tofo rassa da yawa daga kututture guda bayan sara. Kada a tumɓuke. A zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi, a sare sauran.

Kaɗanya ɓawonta mai kauri ke kare ta daga gobarar daji, amma ƙaramarta ba ta da wannan kariya. A share ciyawar gindinta kafin iskar hunturu ta fara. Ƙwayarta kuma ɗanya ake shukawa, in ta bushe ba ta tsirowa.